Insha Allahun Da Na Sa Ya Goge

Sallama a gare ku, masu bibiyar labarina. Na karanta duk abin da kuka rubuto. Wata daga Gusau ta ce, "Mahbuba, ke dai yanga ce ke damunki, ki amsa wa bawan Allah ki huta." Ban ji haushinta ba. Laifina ne, don tun da na fara ba ku labarin nan nake zagaye abu guda kamar mai zagaye rijiya. Yau zan leƙa ciki, ku ma ku leƙa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Mahbuba Lawwali, shekarata ashirin da shida, a Wurno aka haife ni, kuma Turanci nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan garin. Akwai wani mutumin Goronyo, Uwaisu, mai gyaran injin ban-ruwa, wata biyar ke nan yana zuwa zance wurina. Ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci, manyansa za su zo jin amsa daga bakin Baba. Baba ya ce ba zai ce komai ba sai abin da na ce. Ni kuma na kasa cewa komai.

Ranar Litinin na shiga aji uku da tsarin darussa a hannu, na duba abin da ke gabana. Future perfect tense. Bara na tsallake shi, na ce wa shugabar makaranta lokaci ne ya ƙure. Bana ita shugabar, Hajiya Sa'adiya, ta kira ni ofis tun farkon zango ta ce, "Malama, wanga karo ba a tsallake ma yara komi. Ke da kanki kika hwaɗa da malamai masu tsallake darasi." Gaskiyarta. Ni ce mai tashi a taron malamai in yi ta kumfar baki a kan lalaci. Da wane ido zan ce mata akwai darasi guda da nake tsoro?

Na ɗauki alli na juya ga allo.

"Wannan salo ne," na ce musu, "da Bature ke tsayawa a yau, ya leƙa gobe, ya ba da labarin abin da bai faru ba tukuna kamar ya riga ya wuce. Kalma biyu ke ɗauke da shi, will da have. Sai ku kawo aikin a siffarsa ta gamawa. Sannan ku sa masa iyaka: kafin ƙarfe kaza, kafin rana kaza."

Na rubuta misali: By June we will have finished our exams.

Safara'u, wadda ke zama a gaba da hijabinta mai tabon tawada, ta ɗaga hannu.

"Malama, wato mun ƙare jarrabawa alhali ko hwarawa ba mu yi ba?"

"Haka yake nufi. Kafin watan shida mun gama."

"To Malama, ina aka saka insha Allahu?"

Aji ya fashe da dariya. Wata daga baya ta ce, "Ke Safara'u, Bature ya san insha Allahu?" Ni ban yi dariya ba. Allin ya karye a hannuna. Na ce su kwafi misalin, na fita baranda na dafa ginshiƙi, ina kallon bishiyar dogon-yaro har idona ya daina ganin ta.

Yanzu sai in gaya muku waye Mujaheed.

Ɗan Magarya ne. Da rani yana noman albasa, da damina shinkafa, a wata fadama da ke ƙetaren gulbin Rima ta wajen Goronyo. Ya ci duk darussansa na gama sakandare ban da Turanci, sau biyu yana faɗuwa, shi kuma burinsa ya shiga kwalejin aikin gona. Yayana ne ya haɗa mu don in taimaka masa. Daga gyaran jimla aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma abin da kuka sani. Har iyaye sun shiga, an ce bayan girbi.

Kullum sai ya turo min jimla biyar ta WhatsApp, ni kuma in gyara. Malama yake ce min, ko da muna zance a zaure. Shi mutum ne mai dariya, haƙoransa na gaba da 'yar wushirya, kuma ba ya iya faɗin abin gobe ba tare da sunan Allah ba. Ko "zan sha ruwa" ne, in dai randar tana da nisa.

Ranar wata kasuwa ce, ƙarshen damina, shekara biyu ke nan. An saki ruwan dam, gulbi ya cika ya batse. Yana bakin mashigi yana jiran jirgi, zai ƙetaro ya hau babur ya zo Wurno. A satin ne muke kan wannan darasi. Ƙarfe uku da minti tara saƙonsa ya shigo:

By four o'clock I will insha Allah have crossed the river.

Ina zaune a tsakar gida ina tsinke zogale. Na goge hannuna a zani, na rubuta masa da zafina na malamai:

"Cire insha Allah. Mai duba jarrabawa ba zai ba ka maki ba. Ba abin da ke shiga tsakanin will da have."

Ya turo hoton fuska mai dariya. Sai kuma: "To Malama. Gyara."

By four o'clock I will have crossed the river.

Uku da minti goma sha biyu. Na bari sai da na gama zogalen, na wanke hannu, sannan na rubuta masa: "Goma bisa goma."

Har yau alama ɗaya ce a gefen wannan saƙon nawa. Toka-toka, guda ɗaya. Bai taɓa shiga ba.

Kwana biyu aka yi kafin masunta su same shi, can ƙasa, a cikin ciyawar bakin ruwa.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa wa kaina sau dubu. Ba nahawu ne ya kifar da jirgi ba. Jirgin mutum ashirin ne aka loda wa ninkinsa, da buhuna, da babura biyu a kai, babu rigar ceto ko guda. Na sani. Ai ni ce na hana mutane sakat da maganar. A wurin zaman makoki kowa "ƙaddara" yake cewa ya shafa, ya tashi. Ni ma na yi imani da ƙaddara, amma na ce musu wanda ya rubuta ƙaddara shi ne ya ba mu idon ƙirga mutane kafin su shiga jirgi. Na rubuta takardu, na bi ofisoshi, na je mashigin da kaina na tsaya ina faɗa da masu jirage har wani tsoho ya ce, "Wagga ɗiya ko aljanun ruwa sun taɓa ta?" Suka sa min suna Malama Rigar Ceto. Har wata rana aka wayi gari wani da bai faɗi sunansa ba ya ajiye riguna ashirin sababbi a bakin mashigin, masu ruwan lemo. Na yi murna, na ce ko mutum ɗaya ne ya ji, ya isa.

Wannan duk kaina ne ke aiki. Zuciyata kuwa wani lissafin take yi. Bayan sallar asuba, kafin in ɗora ruwan koko, sai in buɗe wayar in dubi jimlolin nan biyu, ta sama da ta ƙasa. Mutumin da bai taɓa ambaton gobe ba sai da sunan Ubangijinsa, ni na sa ya goge shi, minti kaɗan kafin ya shiga ruwa. Don maki. Abin da ya fi ci min rai, daga baya na duba babban littafin nahawu, na tarar ashe Turawan ma suna saka kalma a daidai wannan gurbin. Ko kuskure bai yi ba. Ni ce na yi.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ku ne na farko, bayan mutum ɗaya.

Da na koma gida ranar Litinin ɗin, na tarar Goggo Adama, ƙanwar Baba, ta iso daga Rabah. Tana zaune kan tabarma a inuwar ɗakin Inna, ta tuɓe mayafi, atamfarta kore mai zanen ganye, tana ɓare gyaɗa tana watsa ɓawon a faranti. Ƙanwata Sauda na gefe tana shafa mata man zafi a ƙafa.

"Ga 'yar boko nan," in ji Goggo. "Taho nan ki zamna. Mi na na nika ji? Wai har yau ba ki ba da amsa ba?"

"Goggo, ina wuni? Kun zo lahiya?"

"Lahiya lau, ba gaisuwa tak kawo ni ba. Yaron ga mi yay yi miki? Shina da sana'a, shina salla, ba shi shan komi. Ko kihi ba shi ci, ɗan masunta guda, ke ko kin huta da ƙarni."

Sauda ta ƙyalƙyale da dariya. Inna, da ke tankaɗe a bakin madafa, ba ta ɗago ba. Ta ce a hankali, "Adama, bi ta sannu."

"Sannun ta kai shekara biyu! Wanda yat tahi ya tahi, Allah shi jiƙan shi. Ita wagga," ta nuna Sauda da ɓawon gyaɗa, "an sa mata rana, tana jiran yayarta awa mai jiran mota. Ko so kike ƙanwa ta riga ki ɗaki, garin ga su samu abin taunawa?"

Na zauna na cire takalmi. Don in kauce, sai na ba su labarin tambayar Safara'u, na fassara musu jimlar. Goggo ta riƙe haɓa.

"A'uzu billahi. Su gama abin da ba su hwara ba? Wanga ai girman kai na. Shi kika koya ma ɗiyan mutane?"

Inna ta buga rariya a tafin hannu ta ce, "Ke ko Adama, ɗazu ba ke kic ce kahin la'asar kin ƙare gyaɗag ga ba?"

Goggo ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Sauda ta kwanta a tabarma don dariya. Ni kuwa sai na tsaya ina kallon Inna. Shekara nawa ina karatun Turanci, ban taɓa lura mu ma muna da shi ba. Kafin ku dawo na gama tuwo. Kafin damina mun yi rufi. Kullum muna gama gobe da baki.

"Ai ni na ce insha Allahu cikin raina," in ji Goggo, ta jefa gyaɗa a baki. "Ke dai kahin Juma'a kin ba mu amsa."

Ranar Alhamis bayan la'asar Uwaisu ya zo. Na ji tsayuwar babur ɗinsa, na kuma ji Baba yana amsa masa gaisuwa a ƙofar gida kafin ya wuce gona duba irin albasa. Sauda ta shimfiɗa darduma a zaure, ta kai kunun aya a jug. Na sa doguwar riga ruwan toka da hijabi baƙi, ko kwalli ban sa ba. Na riga na yanke abin da zan yi: zan nuna masa saƙon. In ya ga irin macen da yake nema, wadda ke kwana da tashi da jimlar mamaci, zai janye da kansa, kowa ya huta.

Yana zaune ya naɗe ƙafa, shadda ruwan ƙasa, hula zanna, bakin faratansa da baƙin mai wanda sabulu ba ya fitarwa. Uwaisu ba mai yawan magana ba ne. Wata biyar, ban taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi ba. Na ɗauka hali ne.

"Malama, an wuni lahiya? Ya yara?"

"Lahiya lau. Uwaisu, akwai abin da nika son ka gani kahin gobe."

Na ba shi labarin a tsaye, ban yi kuka ba. Na ce masa ni na sa Mujaheed ya cire sunan Allah daga maganarsa ta ƙarshe a duniya. Na buɗe wayar na miƙa masa.

Bai karɓa ba. Ko kallon ta bai yi ba. Idonsa na kan kofin kunun aya.

"Ya hwaɗa," ya ce.

"Mi?"

"Insha Allahun. Ya hwaɗa da bakinai. Har sau biyu."

Na ji zauren ya yi tsit, har kukan awakin maƙwabta ya yi nisa.

"Ya karanta saƙonki da ƙarhi, shina dariya. Yac ce, 'Malama ta ce in cire a rubuce, ba ta ce in cire a baki ba.' Yat tura, yas sa wayar aljihu, yac ce insha Allahu, insha Allahu. Sannan yay yi bisimilla yas sa ƙahwa cikin jirgi."

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar wanda ya shekara biyu da tulu a ka, wani ya zo ta baya ya sauke masa. Wuyana ma sai da ya yi sanyi. Muryar Mujaheed ce sak, wannan tsokanar tasa ce, ba wanda zai iya ƙirƙiro ta. Hawayen da na hana fita a baranda suka zubo, na bar su. Na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba.

Sai kaina ya dawo aiki.

"Uwaisu. Kai ina kake, har kaj ji?"

Ya ɗago. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba.

"Kusa da shi nike."

"Kana cikin jirgin?"

"Ni ka riƙe da injin."

Na ja baya har bayana ya taɓa bango.

"Jirgin babanmu na," ya ce, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. "Ran nan ba shi da lahiya, yac ce in kama mai. Na ga jirgi ya cika. Wallahi na gani, ruwa ya kusa baki. Nic ce a dakata, in kai in dawo. Dattawa sunka taso min, wai kasuwa za ta watse, wai yaro na ka tsoron ruwa, Allah na nan. Sai nij ji kunya. Kunya, Malama. Nic ce a ɗora baburan."

"Ka ce a ɗora."

"Ni nic ce."

Shekara biyu ina faɗa da mutumin nan ban san fuskarsa ba. A takarduna "masu jirage" nake rubutawa, a raina kuwa mutum ɗaya ne, mai ƙaton ciki da mugun ido. Na sha tsara abin da zan gaya masa ranar da muka haɗu. Ga shi a zauren gidanmu, a kan dardumar Inna, da kunun ayar da ƙanwata ta tace masa.

"Rigunan ga ashirin," na ce. "Kai na?"

Ya sunkuyar da kai.

"To mi ya kawo ka gidan ga? Tausai? Ko biyan diyya kaka yi da aure?"

"Gahwara niz zo nema. Ran da nih hwara zuwa, ita ɗai tak kawo ni. Na ji sunanki bakin Mujaheed, na kuma ga kina hwaɗa bakin mashigi, ina nesa ina kallo. Niz zo, kika hito, bakina yam mutu. Nic ce sati mai zuwa. Sati mai zuwa ya zama wata biyar, kuma abin da ban zo da shi ba ya shiga raina. Ban da hujja. Da ba ki yi maganag ga yau ba, ban san ko ina iya hwaɗi ba, sai dai a ɗaura bisa ƙarya. Amma ba ni iya kallon ki kina ɗauke da kayan da nawa na."

"Tashi," na ce.

Ya tashi. Ya sa takalmi ya fita. Na ji ya tura babur ɗin har ƙarshen lungu kafin ya tayar.

Na zauna a zauren ni kaɗai. Kunun bai taɓa ba. Ina so in tsane shi, kuma ina da dalili, rayuka goma sha wani abu da jirgin nan ya ci. Ni ce mai cewa a daina ɓoyewa bayan ƙaddara, a kira mai laifi da sunansa. To ga sunan an ba ni. Amma wanda ya ba ni shi ne wanda ya cire min ƙayar da ba wanda ya san tana nan, kuma ya san abin da zai rasa in ya cire ta. Yana iya yin shiru. Gobe da an ba shi ni.

Rana ta yi ja a kan katangar zaure. Daga cikin gida na ji Goggo tana cewa, "Ya tahi? To a kira min ita, mi za a hwaɗa ma mutanen Goronyo?"

Wayar ta yi ƙara a cinyata. Uwaisu.

"Ba ni roƙon amsa. Na hwaɗa ma manya su dakata sai kin ce. Yanzu Magarya za ni. Kahin magariba na isa wurin innar Mujaheed na hwaɗa mata da bakina. Abin da tac ce a yi min, shi za a yi."

Na karanta sau ɗaya. Idona ya koma kan kalmomin nan: kahin magariba na isa. Hanyar da ruwan bana ya zaizaye. Mutum a kan babur, idonsa cike da hawaye. Ga iyaka, ga aiki a siffarsa ta gamawa, babu komai a tsakani.

Ban yi shawara da kaina ba. Yatsuna ne suka riga ni.

"Saka insha Allahu."

Alama ɗaya, toka-toka. Na riƙe wayar da hannu biyu. Goggo na ta kira, Sauda ta leƙo ta koma.

Alama biyu.

Suka koma shuɗi.

Sai a lokacin na ga abin da na rubuta, da wanda na rubuta wa, da yadda ƙirjina ke bugawa saboda shi. A saman allon wayar, ƙarƙashin sunansa, aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa.

"Mahbuba!" in ji Goggo, yanzu tana tsaye a bakin zaure, hannu a ƙugu. "Kurma kike? Mi za a ce musu?"